Lokacin da Makusanta Suka Juya Baya: Darasi Daga Isharorin Alƙur'ani

Godiya ta tabbata ga Allah, Majiɓincin wanda ya rasa majiɓinci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), wanda ya tashi maraya kuma ya zama uba ga marayu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda da Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa. Bayan haka:

Akwai ciwon da ba a zuwa asibiti dominsa, kuma ba safai mai shi yake faɗa ba. Shi ne mutum ya wayi gari ya ga waɗanda ya ɗauka bangon jinginarsa sun janye jiki. Ɗalibi ya baro Tasawa ko Madawa ya zo karatu Yamai, wata biyu, wata uku, babu wanda ya kira daga gida ya ji ko ya ci ko bai ci ba. Mace mijinta ya bi hanyar Agadas neman kuɗi, da fari yana kira duk Juma'a, daga baya sai shiru, ta rasa ita matar aure ce ko bazawara. Tsoho ya sha wahalar ƴaƴa har suka zama mutane, yau sai ranar salla yake jin muryarsu. Saurayi ya karɓi wuridi, ƴan ɗakinsu suka daina sakar masa fuska.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana kwana da tambaya guda: me na yi musu? A bayan wannan tambayar kuma akwai wata da ta fi ta haɗari, wadda Shaiɗan yake raɗawa cikin dare: idan waɗanda suka haife ka ko ka haifa sun iya yada kai, anya Ubangiji ma bai yada kai ba? A kan wannan tambaya ta biyu darasin nan ya ginu, domin ita ce take karya himma, ta sa muridi ya ajiye carbi.

Yadda ma'abota Allah suke karanta ƙissa

Malaman tasawwufi suna karanta Alƙur'ani da ido biyu. Ido na farko yana kallon zahiri: abin da lafazi ya ce, dalilin saukar aya da hukuncin da ke cikinta. Ido na biyu yana kallon ishara, wato abin da ayar take nunawa game da halin zuciyar mai karatu a lokacin da yake karatun. Irin wannan karatu tsoho ne. Sahalu at-Tustari, wanda ya rasu a shekara ta 283 bayan Hijira, yana da tafsiri a wannan fanni. Imamu Ƙushairi ya rubuta Laɗa'iful Isharat. Shehu Ahmadu ɗan Ajiba, malamin Maroko da ya rasu a 1809, ya tsara Al-Baharul Madid yadda yake fara kawo tafsirin zahiri, sa'an nan ya biyo da ishara.

Sun sanya wa abin iyaka. Ishara ba ta rushe zahiri, ba ta saɓa wa shari'a, kuma mai ita ba ya cewa ita kaɗai aka nufa da ayar. Annabi Yusufu (A.S) mutum ne na gaskiya, an jefa shi a rijiya ta gaskiya. Amma Allah bai ba da labarinsa don hira ba. A ayar ƙarshe ta surar, aya ta 111, an bayyana cewa a cikin ƙissoshin nan akwai abin lura ga masu hankali. Abin lurar shi ne bawa ya gane cewa rijiyar nan, da daren nan, da kwarin nan da babu shuka, duk suna da makamantansu a cikin ƙirjinsa.

Hantsi da dare

Suratul Duha ita ce sura ta 93, ayoyinta 11, a Makka ta sauka. Buhari ya ruwaito daga Jundubu ɗan Sufyanu (R.A) cewa Manzon Allah (S.A.W) ya yi rashin lafiya, bai tashi tsayuwar dare ba kwana biyu ko uku, sai wata mata ta zo tana yi masa izgili cewa mai zo masa ya rabu da shi. Masu tafsiri da yawa sun ce Ummu Jamil ce, matar Abu Lahabi. Wato maganar daga gidan baffansa ta fito. Sai surar ta sauka.

Da rantsuwa biyu ta buɗe: da hantsi, da kuma dare idan ya yi tsit. Ma'abota ishara suna ganin halaye biyu na zuciya a nan, waɗanda suke kira basɗu da ƙabdu, wato buɗi da ƙunci. Hantsi shi ne lokacin da bawa yake jin daɗin zikiri, mutane suna sonsa, ƙirjinsa a buɗe. Dare shi ne lokacin da komai ya yi shiru. Allah Ya rantse da duka biyun, alamar cewa duka biyun Nasa ne, kuma kowane yana da daraja a wurinSa. Duk ɗan makaranta ya san cewa idan dare ya yi a Maraɗi rana ba ta mutu ba. Ƙasa ce ta juya, ranar tana nan inda take tana haska wasu garuruwa. Haka kusancin Ubangiji yake. Halin bawa ne yake juyawa.

Bayan rantsuwa sai aka kore abu biyu da kalmomi biyu na Larabci. Ta farko, wadda'a, ita ce bankwana, rabuwar da masoyi yake yi da masoyinsa. Ta biyu, ƙala, ita ce rabuwa ta ƙiyayya. Duk wanda mutum ya rasa a duniya ta ɗayan ƙofofin nan biyu ya fita: ko ya tafi yana sonsa, kamar wanda mutuwa ko tafiya ta ɗauke, ko ya tafi yana ƙinsa. Ubangiji ba Ya fita ta kowace. Malamai sun lura da wani ladabi kuma: a kalma ta farko an haɗa lamirin Annabi, a ta biyu an bar shi, don kada kalmar ƙiyayya ta ko raɓi ambatonsa.

Sa'an nan surar ta mai da Annabi (S.A.W) ga tarihinsa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu kafin a haife shi. Mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'u yana ɗan shekara 6. Kakansa Abdulmuɗɗalibi ya rasu yana ɗan shekara 8. Duk hannun da ya kama shi sai a ɗauke, kuma ko sau ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Daga aya ta 6 zuwa ta 8 an maimaita kalmar samu sau uku, Allah ne Mai samun, bawa ne abin samu. Daga tushen wannan kalma, wajada, aka ciro wujudi da wajadi, kalmomin da sufaye suke yawan amfani da su. Muridi yana zaton shi ne yake nema. Surar tana sanar da shi cewa an riga an same shi tun kafin ya san yadda ake nema.

Haka al'amarin ya ci gaba. A shekara ta 10 bayan aike Abu Ɗalibi ya rasu, Nana Hadiza (R.A) ta rasu, mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi har jini ya zuba. Bayan waɗannan ne aka yi Isra'i da Mi'iraji. Shi ma Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A), wanda aka haifa a Aina Madi a 1737, annoba ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa yana ɗan shekara 16. Magadan Annabi suna da rabo daga irin abin da ya same shi.

Bayan da aka juya wa Hajara

Ɗan Abbas (R.A) ya ba da labarin, Buhari ya ruwaito. Annabi Ibrahimu (A.S) ya kawo Nana Hajara da jaririnta Isma'ilu, ya ajiye su a kwarin Makka lokacin babu kowa kuma babu ruwa. Ya bar musu jakar dabino da salkar ruwa, ya juya. Ta bi shi tana tambayarsa ina za shi ya bar su a inda babu mutum. Ta maimaita, bai waiwayo ba. Sai ta canja tambaya, ta ce ko Allah ne Ya umurce shi. Ya ce i. Ta ce to Allah ba zai tozarta su ba, ta koma wajen ɗanta.

A lura da abin da ya canja tsakanin tambayar farko da ta ƙarshe. Kwarin yana nan yadda yake, salkar ba ta ƙaru ba, mijin bai fasa tafiya ba. Inda zuciyarta take kallo ne ya canja. Da fari bayan mutum take kallo, sai ta koma kallon Mai umurni. Nan take ƙafarta ta iya komawa.

Akwai kuma abin da idonta bai gani ba. Da Annabi Ibrahimu ya kai kwanar dutse inda ba su hango shi, sai ya tsaya, ya fuskanci wajen Ɗakin, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ke aya ta 37 ta Suratu Ibrahim, yana roƙon a karkato da zukatan mutane gare su, a azurta su da ƴaƴan itace. Ita abin da ta gani shi ne miji ya juya baya ko waiwaye babu. Shi kuwa a bayan dutse yana roƙa mata abin da al'umma take ci har yau. Bawa ɓangare kaɗan yake gani na labarinsa. Sau da yawa hukuncin da yake yanke wa mutane, cewa sun manta da shi, a kan rabin labari yake yanke shi.

Da ruwa ya ƙare ta hau Safa, ta hau Marwa, sau 7, tana duba ko za ta hango mutum. Ba ta hango kowa ba. Ruwan Zamzam ya ɓuɓɓugo ne a can inda ta bar yaron. A harshen ishara, duwatsun nan biyu su ne fata da tsoro da zuciya take kai-kawo a tsakaninsu tana neman agaji daga waje, ruwan kuwa daga wurin da ta baro yake fitowa. Duk da haka Allah bai zargi gudunta ba, sai ma Ya mai da shi ibada da kowane alhaji yake yi. Saboda haka neman mafita da ƙafa bai saɓa wa dogaro ga Allah ba.

Rijiya da guga

Ƴan'uwansa na jini ne suka jefa Annabi Yusufu a rijiya, kuma wannan ya fi zafi, domin Bahaushe ya ce ɗan'uwa rabin jiki. Aya ta 15 ta surar ta haɗa abu biyu a numfashi ɗaya: shawararsu ta saka shi a zurfin rijiya, da wahayin da Allah Ya yi masa a nan cewa wata rana zai ba su labarin abin da suka yi alhali ba su gane shi ba. Yana gaban mahaifinsa, ana ji da shi, mafarki ya gani. Da aka raba shi da kowa sai saƙo ya same shi a ƙasan rijiya.

Wasu malaman ishara suna karanta wannan ƙissa a matsayin labarin cikin mutum. Yusufu shi ne zuciya, Yaƙubu shi ne ruhi, ƴan'uwa kuwa su ne gaɓɓai da ƙarfafan jiki masu kishin zuciya saboda kusancinta da ruhi, su ja ta su jefa a rijiyar ɗabi'a. A bisa wannan karatu, kafin wani ya yada mutum, shi ya fara yada zuciyarsa. Ido yana can, kunne yana can, tunani yana kasuwa ko a cikin waya, ita kuwa zuciya tana ƙasan rijiya shekara da shekaru babu mai leƙa ta. Muddin mutane suna kewaye da shi ba zai ji kiranta ba. Ranar da suka watse sai ya ji. Wani ɓangare na zafin kaɗaici kukan wannan zuciya ne da aka daɗe da mantawa da ita.

A aya ta 19 ayari ya zo, suka aika mai ɗebo musu ruwa, ya zura guga. Ruwa yake nema, bai san Yusufu ba, kuma ba don shi ya zo ba. Da wannan gugan aka fito da shi. Haka sabubba suke: ba su san aikin da ake yi da su ba. Uwa guga ce, miji guga ne, aboki guga ne. Ruwan da suke kawowa daga rijiyar rahama yake. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Allah Ya kasa rahama kashi 100, Ya riƙe 99, Ya saukar da kashi 1 a ƙasa, da shi ne halittu suke tausayin juna, har dabba take ɗage kofatonta don kada ta taka ɗanta. Duk tausayin da bawa ya taɓa ɗanɗana daga wani mutum ɗigo ne daga wannan kashi ɗayan. Idan igiyar guga ta tsinke a rijiyar gari, mata ba su cewa ruwa ya ƙare, wata igiyar suke nema.

A ƙarshen ƙissa, aya ta 100, da Yusufu yake lissafa alherin Ubangijinsa, ya ambaci fito da shi daga kurkuku, bai ambaci rijiya ba, don kada ya kunyata ƴan'uwan da ya riga ya yafe wa a aya ta 92. Abin da ya shiga tsakaninsu kuma ya jingina shi ga zugar Shaiɗan. Wanda ya ga hannun Allah a cikin labarinsa ba ya buƙatar ya ci gaba da tsare kowa a gaban shari'a cikin zuciyarsa.

Idan laifin daga bawa ne

Ba kowane wanda aka ƙaurace wa ne Yusufu ba. Wani lokaci mutum shi ya jawo. Ka'abu ɗan Maliku (R.A) bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, kuma ba shi da uzuri. Ya faɗi gaskiya. Aka hana mutane yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har dare 50. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so cikin mutane, ya yi sallama ba a amsa ba. Bayan dare 40 aka umurce su da su nisanci matansu.

Abu biyu a labarin nan suna da amfani ga muridi. Na farko, Ka'abu yakan yi salla kusa da Annabi (S.A.W) yana satar kallonsa. Idan ya duƙufa ga sallarsa sai Annabi ya dube shi, idan ya waiwayo sai Annabi ya kau da kai. Ashe kallon rahama bai taɓa yankewa ba, ɓoye masa aka yi don tarbiyya. Na biyu, a cikin kwanakin nan ne wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan, yana kiransa ya zo inda za a girmama shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ka'abu ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya jefa wasiƙar a tanderu. Wanda nasa suka juya wa baya zai sami masu buɗe masa hannu da ba alheri suke nufinsa da shi ba: mugayen abokai, masu ƙwaya, masu saye da addini, masu cewa ya bar salla tun da ba ta amfane shi ba.

Aya ta 118 ta Suratut Tauba ta siffanta halinsu: ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta, rayukansu suka yi musu ƙunci, har suka tabbata babu mafaka daga Allah sai dai zuwa gare Shi. Sa'an nan ayar ta gabatar da juyowar Allah gare su a kan tubarsu. Shi ne Ya fara, su suka biyo.

Gani uku

Abu ɗaya ne yake faruwa, amma yadda bawa yake ganinsa ya danganta da inda yake tsaye. Shehu Ibrahim Inyas (R.T.A) ya yi bayanin maƙaman addini uku da suka zo a hadisin Mala'ika Jibrilu, wato Musulunci da Imani da Ihsani, ya kasa kowane gida uku, ya sanya muraƙaba da mushahada da ma'arifa a ƙarƙashin Ihsani. Ana iya auna ciwon ƙauracewa da wannan ma'auni.

Gani na farko na nafsu ne. Ita halitta kawai take gani: wane ya yi mini, wance ta ƙi ni. Maganinta a wannan mataki shi ne riƙon shari'a, wato kada bawa ya rama da haram, kada ya yanke zumunta, kada ya bar farilla.

Gani na biyu na zuciya ne. A nan bawa yana gane cewa zukatan mutane ba a hannunsu suke ba. Aya ta 24 ta Suratul Anfal ta sanar cewa Allah Yana shiga tsakanin mutum da zuciyarsa, aya ta 63 kuma ta nuna cewa dukiyar ƙasa gaba ɗaya ba ta iya haɗa zukata in ba Shi Ya haɗa ba. Wanda Ya karkato da su jiya Shi ne Ya karkatar da su yau, kuma ba Ya aiki babu hikima. Wannan gani yana rage ƙiyayya, domin bawa ya daina roƙon mutane abin da ba su mallaka ba.

Gani na uku na ruhi ne. Idan muridi ya zauna bayan lazimi ya lura da kansa, zai ga cewa baƙin cikin nan yana zuwa yana tafiya, da safe ya yi nauyi, da yamma ya lafa. Akwai kuma wani abu a cikinsa da yake ganin zuwansa da tafiyarsa, shi kuwa bai zo ba bai tafi ba. Baƙin ciki baƙo ne, mai ganinsa shi ne mai gida. Wannan farkawar da bawa yake sanin halinsa da ita ba shi ya ƙaga ta ba, kuma ba shi yake riƙe da ita ba, madadi ne da ake zuba masa a kowane numfashi. Da Ubangiji Ya bar shi ƙiftawar ido, da babu wanda zai saura balle ya ji kaɗaici. Jin an yada shi ma shaida ce cewa ana riƙe da shi. A nan ne aya ta 16 ta Suratu Ƙaf, wadda ta yi maganar kusancin da ya wuce na jijiyar wuya, da aya ta 4 ta Suratul Hadid, wadda ta yi maganar kasancewarSa tare da bayi duk inda suke, suke tashi daga abin da aka haddace su koma abin da aka ɗanɗana. Kusanci ne da ya dace da girmanSa, babu cuɗanya babu shiga jiki. Wannan mataki kuwa ba a samunsa da karatun maƙala, sai da zikiri da tarbiyya a hannun shehi kamili.

Kada a fahimta a karkace

Wannan bayani magani ne ga wanda aka bari. Wanda ya yi barin ba shi da hujja a cikinsa. Annabi Ibrahimu da umurnin Allah ya tafi. Mijin da ya bar mace da yara babu ci babu sha babu labari son zuciyarsa ya bi, kuma matar tana da haƙƙin kai kukanta ga waliyyanta da malamai da hukuma, wannan bai taɓa tawakkalinta ba. Ƴan'uwan Yusufu ba su fake da ƙaddara ba, sun amsa laifinsu a aya ta 91 da ta 97. Annabi (S.A.W) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3.

Haka kuma kuka ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne. Abin da ya kiyaye shi ne inda yake kai kukan, kamar yadda aya ta 86 ta nuna. Fiyayyen halitta ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu. Kada a ce wa mai ciwo da yana da ma'arifa da bai ji zafi ba. Idan kuwa abin ya kai mutum ga daina ci da barci, ko tunanin cutar da kansa, wajibi ne ya faɗa wa muƙaddaminsa ko wani amintacce, a kai shi ga likita. Neman magani sunna ce.

Abin da muridi zai riƙe

Ya riƙe laziminsa safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ko yana jin daɗinsa ko ba ya ji. Zikirin lokacin ƙunci ya fi kuɓuta daga son rai, domin nafsu ba ta da rabo a cikinsa.

Ya binciki kansa kamar Ka'abu. Idan akwai haƙƙin wani a kansa ya mayar, idan akwai kalmar da ya faɗa ya nemi yafiya.

Ya zama shi ne mai fara kira. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Hausawa. Muslimu ya ruwaito labarin mutumin da ya kawo ƙarar danginsa, yana sada su suna yanke shi, aka yi masa bushara cewa mataimaki daga Allah ba zai rabu da shi ba muddin yana kan haka.

Kada ya kulle kansa a ɗaki. Ya je zawiya wazifa, ya zauna cikin ƴan'uwa ranar Juma'a bayan la'asar. Allah Ya kawo wa Hajara mutanen Jurhum, bai bar ta ita kaɗai da ruwa ba.

Sa'an nan ya duba yadda Suratul Duha ta ƙare. Bayan lallashi sai aka ba da aiki: kyautata wa maraya, sassauta wa mai tambaya, da bayyana ni'ima. Wanda ya san ɗacin shiru shi ya fi kowa sanin wanda ya kamata a kira. A kowace unguwa akwai tsohuwar da babu mai leƙa ta, a kowane ɗakin kwanan ɗalibai akwai wanda ba a aiko masa komai daga gida. Muridi ya fara da su.

Allah Ya ɗebe kewa ga duk mai kewa da ambatonSa, Ya dawo da matafiya ga iyalansu, Ya daidaita tsakanin ƴan'uwa, Ya buɗe idon basira ga masu neman yardarSa, albarkacin Annabin rahama (S.A.W). Allah ne Mafi sani.